Inda Jaber Ta Binne Ƙwai

Kwana tara Jaber ba ta ci komai ba. Ita ce macen cikin kififiyoyi biyun da muke kiwo a kwamin siminti, bayan gidanmu a Kisumu. Ko busassun ƙananan kifin da take rububinsu, sai ta ture. Wuni take tana karce bangon kwamin, namijin kuma, Ruoth, yana biye da ita ya hana ta sakat.

Na ɗaga ta na lalubi gaban cinyarta. Shekara talatin na yi ina aikin ungozoma, ban yi shakka ba: ƙwai ne jere.

"Baban Okinyi," na kira maigidana, "zo ka fitar min da wannan marar kunyar."

"Me ya yi? Mutum da iyalinsa!"

"Sa shi a baho, na ce."

Na saki Jaber a tsakar gida. Ta haƙa rami gefen lambu, ta bari. Ta koma gindin gwaiba, ta bari. Rami biyar cikin kwana biyu, ni kuma ina binta da buta ina jiƙa ƙasa. Na san idan ƙwan ya maƙale, mutuwa za ta yi. Abinci ma a tsaye nake ci.

Rana ta uku Awuor, ƙanwar maigidana, ta same ni a tsugune.

"Haba Yaya! Ke da kike korar dangi daga ɗakin haihuwa, ke ce kika tsare baiwar Allah da ido? Tashi mu je kasuwa."

Ta ja ni, bayan na gargaɗi maigida kada ya leƙa waje. A kasuwar Kibuye sau biyu na sayi tumatir, na kuma manta lemata a mota.

Da la'asar muka tarar da Jaber gindin kwami, duk laka, tana neman hawa. Na ɗauke ta, ba nauyi. Tana shiga ruwa ta hau cin kifi.

"A ina ta yi?" na tambayi maigida.

"Ina na sani? Ba ke kika ce in zauna a ɗaki ba?"

Jaber ta shafe wurin sumul, ko alama babu. Wata biyu da rabi ba shara, ba fartanya, don gudun fasa ƙwan. Shanya ta koma ƙofar gida, ciyawa ta cinye lambun, kullum ina faɗa da kajin maƙwabta. Baƙi kuwa ta jikin katanga suke bi suna ɗage ƙafa.

Wata safiya bayan ruwan sama, maigida ya ƙwala min kira. Dab da dakalin kicin, inda muke takawa kullum, ƙasa ta tsage. 'Ya'ya huɗu ne, kowanne bai kai murfin kwalba biyu ba. Na tona a hankali na samu ƙwai uku da suka lalace.

"To, yanzu a ina za mu sa su?" in ji shi. Ni ma ban yi wannan tunanin ba.