Shafin da Kufena Ta Ƙi

Kailani yana kan tsani, yana goge kashin tantabaru daga gilashin sola, wayarsa ta fara ruri a aljihu. Chidiogo ce, abokiyar aikinsa da ke Tudun Jukun, kuma ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Malam Kailani, Kufena ta tsaya. Ba tawa kaɗai ba, duk duniya."

Bai san yadda ya sauko ba, sai dai ya ga kansa a ɗaki da tsumma a hannu.

Kufena manhajar kwamfuta ce. Shekara biyar ya yi yana rubuta ta a ɗakin nan na gidansu da ke Tudun Wada, ya sa mata sunan dutsen da yake hangowa tun yana yaro. Akwai wani littafin rajistar hada-hadar kuɗi a intanet da 'yan harkar ke kira blokcen, shi kuwa idan zai yi wa mutanen gida bayani sarƙa yake ce masa, saboda kowane shafi a ɗaure yake da na bayansa. Ba a ofis ɗaya ake ajiye shi ba. Kwamfutoci wajen dubu goma ne a faɗin duniya, kowace na riƙe da kwafinta, kuma duk sabon shafin da ya fito sai ta duba ta ga ya bi doka kafin ta karɓa.

Matsalar ita ce kusan dukkansu da manhaja ɗaya suke dubawa, ta wani babban kamfani a ƙetare. Ranar da ta yi kuskure, tare za su yi shi, babu mai cewa a tsaya. Shi ya sa gidauniyar da ke kula da sarƙar take tallafa wa masu rubuta tasu daban, daga tushe, ba tare da leƙa ta kamfanin ba. Su shida suka fara. Huɗu sun gaji, ɗaya ya rasu, saura Kufena, wadda kwamfutoci ɗari huɗu da 'yan kai ke amfani da ita. Yau ga shi duk ɗari huɗun sun cije a kan shafi guda, sauran duniya ta wuce ta bar su.

Yayarsa Atika ta leƙo da bokitin kunun aya a hannu. Ita ke sayar da kunu da zoɓo a ƙofar gida, 'yan keke da 'yan acaɓa ne masu sayenta. Kwana huɗu ke nan ba a kawo wuta ba, ga bazara ta kankama, firjinta yana tsakar gida ya zama wurin ajiye tukwane. Shekara uku ta yi tana roƙonsa ya ba ta layin wuta ɗaya daga solar nan, shekara uku yana ce mata batir ba zai ɗauki biyu ba, kuma kwamfutar nan ba a kashe ta. Har suna Atika ta sa mata: Hajiya. Fanka ɗaya ce a ɗakin, kuma Hajiya take fifita, mai ɗakin yana gefe yana gumi.

Ta tambaye shi ko jikin Hajiya ne, ya ce mata eh ba tare da ya juyo ba. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta tafi neman ƙanƙara.

Awa biyu suka yi da Chidiogo a waya suna bin shafin layi layi. Tsoro ya cika shi, don ya ɗauka laifinsa ne, kuma in laifinsa ne ya san yadda za a faɗe shi: dama me ake jira daga manhajar da aka rubuta da wutar sola? Sai Chidiogo ta ce ya duba layi na tamanin da bakwai. Doka ta ce irin wannan rubutu sai da sa hannun mutum biyu. Mutum ɗaya ne ya sa hannu sau biyu, bisa kuskure, babbar manhajar ta ƙirga shi biyu ta wuce. Kufena ce kaɗai ta ce ba ta yarda ba.

Kailani ya tashi ya zaga ɗakin, ya dawo ya zauna, ya sake tashi. Abin da ya shekara biyar yana gaya wa mutane, suna gyaɗa kai don kunya, yau ya faru a gaban kowa. Suka rubuta rahoto suka tura. Tsawon sa'a guda, babu wanda ya kai shi farin ciki daga nan har Ƙofar Doka.

Kafin azahar aka yi sallama da shi. Alhaji Isiyaku ne daga Hanwa, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya zuba kuɗin sallamarsa a kwamfutoci goma sha biyu masu duba shafuka, ana biyansa ladan aikin. Kailani ne ya yi ta yi masa sintiri bara har ya yarda ya sa Kufena. Tsarin sarƙar kuwa ba ya tambayar dalili: kwamfutar da ta daina karɓar shafi, ana yankar kuɗin da mai ita ya ajiye jingina duk minti.

Kailani ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya fara bayani da zumuɗi. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, don mutum ne mai kawaici.

"Malam Kailani, ban zo musu ba. Na yarda kai ne da gaskiya. To amma gaskiyar nan tun safe take cin guzurin tsufana, waɗanda suka yi kuskuren kuwa ko sisi ba a taɓa musu ba."

Ya ce ya riga ya sa an sauya masa zuwa babbar manhajar, ya zo ne kawai don kada Kailani ya ji a bakin wani. Kailani ya raka shi har mota, yana ba shi haƙuri, shi ma yana ba shi haƙuri. Da ma zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Bayan la'asar gidauniya ta kira taro ta bidiyo. Fuskoki kusan arba'in a allon, kowa ya buɗe baki sai ya yabi Kufena. Shugabar taron, wata mata mai sanyin murya, ta ce yau an ga amfanin manhajoji daban-daban. Sannan aka zo ga hukunci. An riga an ɗora shafuka dubu biyu a kan wancan, mutane sun yi hulɗa a kansu, ba a iya komawa baya. Za a toshe ƙofar kuskuren daga yau, amma shafin ya zauna. Za a ƙara sakin layi a dokar cewa shi wannan ɗaya halal ne. Abin da ya rage shi ne Kufena ta gyara kanta ta karɓe shi.

Kailani ya ɗaga hannu. Ya yi magana mafi tsawo da ya taɓa yi da Turanci. Ya ce idan mai duba ya ƙi shafi aka hukunta shi, wanda ya karɓa aka bar shi, gobe wa zai yarda ya zama mai duba? Ya ce a mayar wa mutanensa abin da aka yanka, ko a ce musu wani abu da zai hana su gudu. Sai da ya kai aya ya lura fuskokin ba sa motsi. Intanet ɗinsa ya katse tun jimla ta biyu. Da ya dawo, shugabar na rufe taro, tana tuna wa kowa cewa ƙarshen wata za a duba tallafi, kuma kamar kullum da yawan masu amfani ake auna shi.

Atika ta shigo ɗaukar wuƙa ta tarar da shi ya haɗa kai da gwiwa. Ya yi mata bayani iya yadda zai iya. Ta ce ita wannan ba sabon abu ba ne a wurinta. Makon jiya ta je kasuwa sayen aya da mudun marigayiya Inna, wanda ko lotsawa bai yi ba, masu aya suka taru a kan cewa nata ne ya yi girma.

"To me kika yi, Yaya?"

"Me zan yi? Na karɓa da nasu na dawo. Kunu ba ya jiran shari'a."

Layi uku ne gyaran. Idan kin zo shafi mai lamba kaza, kada ki duba, ki karɓa. Ya rubuta su cikin minti biyar, shi da ya taɓa yin wata biyu a kan yadda ake tantance sa hannu. Ya tura wa duniya. Kufena ta haɗiye shafin, ta ruga ta cim ma sauran, jan rubutun allon ya koma kore.

Sannan ya buɗe shafin da ke nuna masu amfani da ita. Da safe ɗari huɗu da sha tara ne. Yanzu sha ɗaya. Yana kallo ta koma tara.

Chidiogo ta sake kira. Ta daɗe tana kewaye-kewaye, abin da ba halinta ba, kafin ta faɗa masa cewa babban kamfanin ya rubuto mata. Rahoton safe ya burge su, suna son ta zo ta riƙa duba musu manhajarsu. Ta ce ba ta amsa ba, sai ta ji daga bakinsa, kuma ko ta tafi za ta bar kwamfutarta a kunne har ƙarshen wata.

"Ki karɓa," in ji shi. "Allah ya sa albarka. Ki gaida Mama."

Ya ajiye wayar. Bai ji haushinta ba, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro, don ya gane babu sauran wanda zai ji haushi.

Ta taga ya hango Atika a bakin kwata, rana ta yi ja. Ƙanƙarar da ta sayo ta narke tun azahar, kunun ya yi tsami, tana buɗe gorunan ɗaya bayan ɗaya tana tuttulewa. Ba ta ma kalli ɗakinsa ba. Ta daina roƙo tun bara.

Kailani ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya zare wayar Hajiya daga bango. Ƙarar da ya saba da ita shekara biyar ta ɗauke, ɗakin ya yi tsit. Ya juyo da fanka wajen kansa, ya ɗauki wayarsa ya duba sarƙar. Sabon shafi ya fito, wani ya biyo shi, wani ya biyo. Ya jira minti goma ko wani a duniya zai tambaya. Lambar masu amfani da Kufena dai ta koma takwas, tasa ce ta fita.

Ya warware doguwar wayar wuta daga ƙusa, ya ja ta zuwa tsakar gida.

"Yaya, zo ki kwashe tukwanen nan daga firji."