Shingen Baba Shozi

"Sari ta gindi, Lindani! Ta gindi na ce!" Mahaifiyata ce ke ihu a bayana, ni kuwa ina ta kai wa shingen sara da adda. Daga can ciki muna jin saukar sanda a jikin mutum.

Maƙwabcinmu Baba Shozi ne ya dasa wannan shinge na wata itaciya mai suna amatungulu tun ina ƙarami, a rairayin Umgababa inda iskar teku ke ƙone yawancin shuka. Shi bai ƙone ba. Ya girma har ya shige kan mutum, ya sarƙe da ƙaya mai baki biyu. Idan 'ya'yansa suka nuna suka yi ja, tsohon yakan miƙo mana kwano ta sama.

"Kai mai difloma," yakan ce da ni, "a makarantar taku an nuna muku katangar da ake ci? Ko kare ba ya ratsa wannan."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai wanda ya zo masa da tsakar ranar nan ba ta shinge ya bi ba. Khulekani ne, ɗan ƙanensa, wanda ya daɗe yana cewa filin na ubansa ne. Ta ƙofa ya shiga, ya mai da kwaɗo ya datse.

"Khulekani, ɗana, ni ne fa!" muka ji tsohon yana cewa.

"Ɗanka? Yau ka tuna, tsoho?"

Na yar da addar, na cusa kafaɗa cikin ɗan gurbin da na buɗe. Ƙaya ta yage mini kumatu, ta kama rigata, ta riƙe ni gam, ba gaba ba baya. Ta tsakanin ganye na hango tsohon a ƙasa, ya ɗaga hannu ɗaya yana kare kansa. Muka haɗa ido. Sandar ta sake sauka, hannun ya faɗi.

Lokacin da mazan unguwa suka ɓalle ƙofar, Baba Shozi ya riga ya cika, Khulekani kuma na zaune a bakin ɗaki, sandar a cinyarsa. Shingen bai bar masa ta inda zai gudu ba.

Da yamma, bayan motar 'yan sanda ta tafi, na koma ɗauko addata. Rassan da na sare suna ɗigar da farin ruwa a kan rairayi. Ta gurbin na ga kwanon nan a cikin filinsa, a gindin shingen da ke wajenmu, ya kusa cika da jajayen 'ya'ya, tururuwa ta fara hawa.