Darasi Arba'in da Biyu, Sunan Wani

An turo Malama daga sashen Turanci zuwa sashen kasuwanci ne saboda ɗaliban can suna gama digiri ba su iya rubuta wasiƙar neman aiki ba. Zangon farko ta yi ta zuba musu nahawu, su kuma suna zuba mata hamma. Da ta ga kiɗan ba ya karɓar rawa, sai ta roƙi malamin da ke koyar da dabarun talla, wanda kowa ke kira Dakta Dogo, ya bari ta riƙa zama a ajinsa.

Can kujerar baya take zama da biro kamar ɗaliba. Abin da ya koyar ranar Litinin, da shi take gina darasinta na Laraba. In ya yi bayanin yadda ake fito da sabon kaya kasuwa, sai ta raba ajin gida biyu, masu kamfanin sabulu da 'yan sari, su yi ciniki da Turanci, su rubuta yarjejeniya, ita kuma tana bi tana gyara harshen. Waɗanda da ba sa buɗe baki suka koma sai an ce su yi shiru.

"Ƙanwata, aikin nan naki ya yi," in ji Dogo. "Haɗa min shi wuri ɗaya in nuna wa shugaban tsangaya."

Hutun zango gaba ɗaya ta ƙarar a kai. Darasi arba'in da biyu ta miƙa masa a filashin kwamfuta.

Ranar taron tsangaya tana zaune kusa da taga, Dogo ya haska aikin a bango. Darussanta ne, har da wani waƙafi da ta manta ba ta goge ba a shafi na uku. Sunansa kaɗai ke sama. Ta ce wa ranta ƙila a ƙarshe zai ambace ta.

Shugaba ya gyara tabarau ya ce, "To, malaman Turanci fa?"

Dogo ya ce, "Ranka ya daɗe, da wannan a hannu ai mu ma za mu iya. Ba sai mun aro kowa ba."

Aka tafa masa.

A matakala ta tare shi. "Yaya, me na yi maka?"

"Haba ƙanwata, ai abin duk na jami'a ne. Kin san yadda taro yake." Idonsa na kan wayarsa har ya sauka.

Sati biyu bayan nan takarda ta zo, aka mayar da ita sashenta. Ta kwashe littattafanta a kwali, ta bar makulli wurin sakatariya.

Ba ta kai ƙara ba, don ba ta da shaidar da ta wuce bakinta. Da sabon zango ya shigo, malamin dokokin kasuwanci ya leƙo ofishinta da fara'a, yana so su haɗa irin wannan aiki. Ta ba shi kujera, ta saurare shi har ya gama, ta ce za ta yi tunani. Har yau tana yi.