Da Ruwana a Gidan Nan

Matakala arba'in da biyu ce tsakanin ƙofarmu da ƙasa. Ban taɓa ƙirga su ba sai da gwiwoyin Inna suka ƙi. Inna uwar mijina ce. Tare muke zaune a hawa na uku na wani benen haya, ɗaki biyu da falo, ita da 'yan matanmu biyu a ɗaki ɗaya, mu a ɗayan, keken ɗinkina kuma a bakin tagar falo. Wata goma sha huɗu ke nan rabon da ta taka ƙasa da ƙafarta. In ranar asibiti ta zo, mijina da maƙwabcinmu direban tasi ne suke sauko da ita a kan kujerar roba, ta rufe fuska da mayafi don kunya, tana ta ba su haƙuri har su kai ƙasa. Sauran kwanaki kuwa, a taga take yini, kusa da ni, tana zare mini kafi tana ba ni labarin duk wanda ya wuce a titi.

Mijina mai gyaran famfo ne a wani kamfanin da ke kula da gine-gine. Kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake ba wanda ya taɓa ba shi takardar hakan. Mutum ne marar magana. Bakinsa kamar famfon da ya gyara da hannunsa, ba ya ɗiga. Shekara tara yana tara kuɗi ban sani ba, sai ran da ya dawo daga aiki ya tsaya a bayan kekena ya ce ya ga gida.

"Na haya?"

"Na saye. A ƙasa yake, can ƙarshen layin bas. Ɗaki uku da ɗan tsakar gida. Dokin ƙofar bai fi yatsa huɗu ba, na auna."

Na san don wa ya auna. Ya ce abin da ya tara ya isa kuɗin kafin alƙalami, sauran kuma banki zai nema ya ba shi bashin gida, ya riƙa biya wata-wata. Na ce nawa ne gidan? Nawa za a riƙa biya?

"Ba ruwanki," ya ce.

Kada ku ɗauka wulaƙanci ne. Haka yake ce mini tun da muka yi aure, in dai maganar kuɗin gida ce. Ya taɓa gaya wa mahaifina, Allah ya jiƙansa, cewa kuɗin ɗinkina nawa ne, ba zai taɓa ko na gishiri a ciki ba. Shekara sha shida bai saɓa ba. In na sayo wa yara takalma sai ya tambayi kuɗin ya ajiye mini a kan keke. Wani lokaci abin ya burge ni, wani lokaci in ji kamar in kwaɗa masa almakashi.

Ya je banki shi kaɗai, ya cika fom, ya kai takardar albashi da duk abin da suka nema. Bayan sati biyu ya dawo da yamma, ya wanke hannu, ya zauna gaban abinci bai taɓa ba. Sai da yara suka shiga ɗaki ya ce, "Sun ce ban kai ba."

Ashe ƙa'idarsu ita ce, abin da mutum zai riƙa biya a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu. Nasa ya wuce, ba da yawa ba, amma ya wuce. Mai gidan da zai saya kuma ƙarshen wata kawai ya ba shi, akwai wani mai so. Inna tana ɗaki ba ta ji ba. Dama bai gaya mata komai ba, wai kada ta sa rai.

Washegari zai koma ya karɓo takardunsa. Na ce zan bi shi, ina da zaren da zan saya a wajen. Ƙarya nake, zare cike da gwangwani nake da shi. So nake in ga idon wanda ya ce mijina bai kai ba.

Ashe mace ce, 'yar siririya mai tabarau, a wani ɗan ofis mai sanyi har cikin ƙashi. Na shiga da shirin faɗa, sai ta tarbe mu da fara'a, ta ba mu kujeru, ta ce wallahi ita ma ba ta ji daɗi ba, takardunsa tsaf suke, ba ya da bashin kowa. Tana haɗa su cikin fayil ta ɗaga kai ta kalli rigata.

"Hajiya, don Allah wa yake miki ɗinki? Wuyan nan ya zauna."

"Ni na ɗinka abina."

"Kin iya ɗinki ke nan?"

"Iyawa? Shekara sha biyar ina yi. Ko yau kayan mutum bakwai na bari a kan keke."

Ta sake buɗe fayil ɗin, ta juya shafi, ta sa yatsa a wani layi. "To amma a nan, wajen sana'ar mata, an rubuta babu."

Na juya na kalli Injiniya. Shi kuwa ya ƙura wa fankar silin ido kamar an kira shi gyaranta.

"Babu?" na ce. "Ni ce babu? To ƙarar da ke hana ka barcin rana ran hutu, ta mece ce? Injin niƙa?"

"Ba haka nake nufi ba," ya ce a hankali. "Kuɗinta ne. Ba na cikin lissafi."

Mai tabarau ta danne dariya. Ta tambaye ni yadda masu ɗinki suke biyana. Na ce yawancinsu ta waya suke turowa asusuna, shekara uku ke nan, kuma ina da littafin awo, duk wadda na auna sunanta yana ciki da ranar da ta kawo da abin da ta biya. Ta ce in na kawo takardar shige da ficen kuɗin asusuna ta wata goma sha biyu, da littafin, za a iya haɗa abin da nake samu da albashinsa. Ba ta yi alkawari ba, amma ta ce a ganinta za mu kai. Sai dai sunana zai shiga takardar, bashin ya hau kaina kamar yadda ya hau nasa.

Ta jawo farar takarda ta ja layi uku. Na farko, ta ce, kuɗin ruwansa a tsaye yake, abin da aka fara biya shi za a yi ta biya har a gama. Na biyu ya fi sauƙi da farko, amma ruwansa yana hawa yana sauka, ya danganta da yadda kasuwa ta juya. Na uku babu ruwa a ciki: banki ne zai sayi gidan, ya sayar mana da ribar da za a yanke tun ranar farko, mu yi ta biya kaɗan-kaɗan, ba ƙari ba ragi. Kuma kowanne ana iya ɗaukarsa na shekara sha biyar ko ashirin. Gajeren ya fi nauyi a wata, dogon ya fi tsada in an tara.

"Ku je ku yi shawara," ta ce. "Amma kada ku wuce Litinin."

Muka shiga bas muka dawo gida. Muka hau matakala arba'in da biyun nan, kowa yana haki da fushinsa. Muna shiga na ajiye takardar a kan keke na ce, "Na ukun nan za mu ɗauka, wanda babu ruwa."

"Ba 'mu' a ciki," ya ce. "Na gaya miki ba ruwanki."

Mun manta Inna tana bakin taga.

"Mene ne babu ruwa?" ta ce.

Ba yadda za mu yi, sai ya tsuguna gabanta ya gaya mata, a daddafe, cewa ya ga gida a ƙasa, kuma ana maganar wanda babu ruwa ne. Bai ƙarasa ba ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Kai da kake gyara famfon duniya, ka rasa inda za ka kai mu sai gidan da ba ruwa? Wa zai yi ta jido? 'Yan jikokina? A'a, ku bar ni a samana."

Dariya ta ƙwace mini har na dafa keke. Shi ma ya kasa riƙewa, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Da ƙyar na yi mata bayanin cewa ruwan banki ake nufi, gidan kam har famfo biyu gare shi. Daga nan na kwashe komai na gaya mata, har da babun da ya rubuta mini. Ban rage masa ko ɗaya ba.

Inna ta miƙa hannu ta shafa kan keken, daidai inda fentin ya goge.

Ban gaya muku ba, keken nan nata ne. Ita ta koya mini ɗinki a shekarar farko ta aurena, da ta ga ina zaune ina ƙirga ƙudaje, ranar da na iya haɗa hannun riga kuma ta ce na ɗauka, ya zama nawa.

"Zo nan, kai," ta ce masa, alhali yana gabanta. "Da ubanka ya rasu kana da shekara nawa?"

"Bakwai."

"Kuɗin makarantarka daga ina ya fito? Kuɗin koyon aikin famfon da kake taƙama da shi fa? Daga ƙarƙashin allurar nan. Gwiwoyin nan da kake ɗauka a kujera, a kan matakin keken nan suka ƙare. Da can ba ka ce ba ka cin kuɗin ɗinki ba, sai yau da ka yi gemu?"

"Inna, alkawari na yi wa babanta."

"Alkawari ka yi ba za ka karɓe mata ba. Ka yi alkawarin za ka hana ta bayarwa?"

Ni kuma sai na ji fushin nan duk ya zube, tausayinsa ya kama ni. Shekara tara yana hana kansa, takalmin aikinsa har ya buɗe baki, don dai ya sama mana gida, yanzu kuma uwarsa ta taka ƙasa, kuma yana so ya ɗauke nauyin shi kaɗai don kada ya taɓa ni. Na durƙusa kusa da shi.

"Baban yara," na ce, "kullum ni nake ganinta tana leƙen titi. Kai kana wajen aiki. Da ruwana a gidan nan. Ka bar ni in sa hannu."

Ya daɗe yana kallon takardar. Can ya jawo ta, ya ɗora yatsa a layi na biyu.

"Wannan dai mai hawa da sauka ban yarda da shi ba. Na san ruwa. Wanda zai zo da ƙarfi yau gobe ya ja baya, shi yake fasa mini bututu."

Muka tsaya a kan na uku. Shi yana son na shekara sha biyar, a gama da wuri. Na ce masa ɗinki yana da watan cika yana da watan yunwa, gara ashirin, mu riƙa numfashi. Inna ta ce, "Ashirin? Ai ba zan ga ƙarshensa ba."

"Farkonsa muke so ki gani, Inna," ya ce. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya yi magana mai daɗin wannan ba, sai da na shiga kicin na share ido.

Ran Litinin na kai takardar asusuna da littafin awo, bangonsa duk maiƙon keke. Mai tabarau ta yi ta juya shi tana murmushi. Kwana goma sha ɗaya muka yi muna jira, sau biyu ina ɗinke hannun riga a juye. Injiniya ya je ya roƙi mai gidan ya ƙara mana sati ɗaya, ya gyara masa famfon shagonsa kyauta. Ran na sha biyu aka kira mu.

A ofishin, shi ya fara sa hannu. Ya juyo da takardar wajena. A layin nan an goge babu, an rubuta tela. Ya miƙo mini biro bai kalle ni ba.

"Sa," ya ce. "Da ruwanki."

Ranar tashi, sai da aka gama sauke kaya, har keken, sannan shi da direban tasi suka ɗauki Inna a kujerar roba. Wannan karon ba ta rufe fuska ba, ba ta kuma ba kowa haƙuri ba. Ƙirgawa ta yi ta yi da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, yara suna tayawa, har arba'in da biyu.

Da motar ta tsaya a ƙofar sabon gidan, suka zo da kujera ta ce su ɗauke mata abin nan daga gabanta. Ta karɓi sandarta. Ta ɗaga ƙafar dama ta tsallake dokin ƙofar, ta huta, ta jawo ta hagu. Injiniya ya riga mu shiga, ya murɗe famfon tsakar gida har ƙarshe yana cewa, "Inna, ga shi, akwai ruwa!"

Ba ta ko kalli famfon ba. Ta yi taku biyar ta tsaya a tsakiyar tsakar gidan, ta zare takalmanta ɗaya bayan ɗaya da bakin sanda, ta tsaya da tafin ƙafa a kan ƙasa. Ta daɗe a haka har na tsorata, na matso zan riƙe ta.

"Ƙyale ni, 'yar nan," ta ce. "Ba gajiya na yi ba. Ji nake."

Muka tsaya mu huɗu muna kallonta, ruwan yana ta zuba, mai gyaran famfo ya manta bai rufe ba.