Na Kife Kwamin Bareyi

Shekara ashirin da biyu ina jan kar, wato bas ɗin ma'aikata, a Arlit. Da na ajiye sitiyari sai na sayi ɗan fili mai rijiya a hanyar Gougaram. Albasa na je nomawa, bareyi suka ɗauke mini hankali.

Maƙwabcina Amumun, wani makiyayi, shi ya koya mini dabarar. Da la'asar in cika kwami da ruwa, in share yashin gefensa da tsintsiya ya yi sumul. Da safe mu tsuguna mu karanta sawu, ni kuma in rubuta a kaye, ɗan littafina. Bareyin su bakwai ne. Akwai wadda kofatonta na baya ya ɓalle, Amumun ya ce ciki gare ta, dubi yadda sawunta ke nitsewa.

Bakina ne ya jawo. Ran Juma'a a fadar shayi a Arlit wani ya ce barewa ta ƙare a ƙasar nan. Ni kuwa, uban iyayi, na zaro kaye na hau karatu, har da kwatancen hanya! Baki shi ke yanka wuya.

Kwana uku tsakani, sai ga sawun moto biyu, baburan mafarauta, a kan sharata, ga jini. Saura shida.

Zama ya gagare ni. In je rijiya, in dawo, in hau tudu in leƙa hanya. Da na ji ƙugin moto, ko daga ina, sai in ruga wajen kwami. Albasa ma na bar ta da ƙishirwa.

"Malam Ramalan, ruwanka ne tarkon," in ji Amumun. "Muddin suna zuwa nan, an san inda za a jira su. Cikin duwatsu akwai ruwa, moto ba ya hawa can."

"To in yi yaya?"

"Ka hana su."

Da hannuna na kife kwamin. Washegari sawun shida, sun yi ta kewaya shi, mai cikin har ta tona ƙasa. Wallahi sai da na yi hawaye. Ran na uku, biyu suka zo. Ran na biyar yashi sumul, sai layin buzuzu.

Amumun ya ce madalla. Ni dai na rubuta sifili.

Har yau ina sharar nan kowace la'asar. Da safe in fito da kaye, ina roƙon Allah kada in ga sawun ko ɗaya.