Kazar da Yaya Wahabu Ya Ceta

Har yau in na tuna abin da Yaya Wahabu ya yi mini, sai in ji zuciyata tana tafasa. Wana ne, mahauci a Sokode, ya zo Dapaong sayen shanu ya sauka gidana. Shekara talatin yana riƙe wuƙa, amma dabba mai rai bai san komai a kanta ba.

Ina da wata jar kaza da na sa wa ƙwan zabi. Zabuwa ba ta iya reno ba, shi ya sa a nan muke ba kaza. Sati huɗu tana kwance, ta ƙyanƙyashe sha tara. Su ke nan kiwona na bana, kuma ita kaɗai ce gatansu.

Da hantsi na tafi famfo. Ina dawowa da bokiti a ka, na tarar da shi tsugune bakin rariya yana wanke wuƙa, sai murmushi yake.

"Salamata, gode wa Allah ina gida," in ji shi. "Kazarki malad ce, ba ta da lafiya. Ta kumbura kamar ƙwarya, fukafukai na jan ƙasa, tana wani mugun kuka. Da na yi jinkiri, da ta zama mushe."

"Yaya, da ta kumbura, ina take kallo?"

"Sama. Har wuyan ya karkace."

"Kai ka kalli saman?"

Bai kalla ba. Mahauci ai ƙasa yake kallo, inda jini zai zuba. Na dire bokitin har ruwan ya fantsama masa a riga.

"Shirwa take kora! Tana buɗe gashi ne ta ninka girmanta, tana ihu, shirwa ta ɗauka ta fi ƙarfinta. Kullum haka take yi, ko ɗaya ba ta taɓa rasawa ba. Lafiyarta ta fi taka!"

"To, ai ga nama, bai ɓaci ba," ya ce a sanyaye.

Wallahi ba don nono ɗaya muka sha ba, da na zage shi tas. Na ruga ɗaki ɗauko kwando in kife 'yan zabin, domin sun watse a tsakar gida suna tsiyau-tsiyau, babu inda za su shige.

Kafin in fito na ji fuuu. Na tarar da Yaya tsaye, ya ware babbar rigarsa da hannu biyu, yana tsalle yana ihu iya ƙarfinsa. Shirwar ko a jikinta. Ta wuce ta gefen ƙafarsa, ta sure ɗaya ta tashi.