Salansar Motar Auta

Yana kwance a ƙarƙashin jif ɗin ƙaninsa Auta, yana lanƙwasa guntuwar waya don ya gwada hanyar da sabon bututun hayaƙi zai bi, sai ya hango ƙafafun mace sun tsaya daf da taya. Ya san takalman. Matar Auta ce, kuma ko bai leƙo ba ya san da kular abinci a hannunta.

"Yaya, sannu da aiki."

"Yauwa. Mijin naki ya tafi sayo noti."

"Ai wurinka na zo."

Ya jawo jiki ya fito yana kakkaɓe bayan riga. A layin masu walda Sarkin Salansa ake ce masa, kuma ba a banza ba. Mota ta shigo masa tana kururuwa, ta fita sai ka kasa kunne kafin ka san injinta na aiki. Shi kuwa Auta masu haƙar rijiyar burtsatse yake kaiwa daji, ya yi kwana da kwanaki inda ko waya ba ta shiga. A tafiyar nan ta ƙarshe dutse ya fizge masa salansar baki ɗaya, ya dawo da ita ɗaure a kan rufi.

Sarki ya ɗauka hankalinta ne bai kwanta ba, sai ya shiga yi mata bayani.

"Kada ki damu. Bututun zan ɗaga shi ya haye saman ƙarfen tayoyin baya, ya kauce wa tankin mai da tiyon birki, ya fito can sama. Ko rafi ya tsallaka ruwa ba zai shiga ba, dutse kuma sai dai ya gaishe shi daga nesa."

Idonta na kan tukwanen salansa biyu da ke kan benci, babba da ƙarama.

"Wacce za ka sa?"

"Babbar mana. Ko tari ba za ki ji motar ta yi ba."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da hannun kular. "Don Allah Yaya, a sa ƙaramar."

"Mai ƙarar? Ta me?"

"In ya tafi ba na samunsa a waya. To, tun daga kwanar gidan mai nake jin motarsa, ba ta kama da ta kowa. Da na ji ta sai zuciyata ta sauka, in ɗora ruwan wanka. Kada ka gaya masa na faɗa, zai yi ta tsokanata."

Ƙyashi ya kama Sarki. Auta dai, Auta. Yaron da shi ya koya wa riƙon sitiyari, wanda har yau ba ya iya ɗaure noti bai ci masa baki ba, shi ne ake kasa kunne ana jira. Shi kuwa da ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban wutar walda, ya shiga gida bai shiga ba duk ɗaya. Matarsa na kan keken ɗinki, in ya yi sa'a ta ce sannu ba ta ɗago ba.

"Aikin ba na mata ba ne," ya ce. "Ƙaramar tana wahalar da inji."

Ƙarya ce, kuma ya sani.

Auta ya dawo da noti a leda, bakinsa har kunne da ganin matarsa. Ta ɗan taɓo zancen ƙaramar, ya yi dariya ya ce, "Ke, in Yaya ya ce babba, babba ce. Mu me muka sani?" Suka zauna kan benci, tana zuba masa abinci tana kore masa ƙuda. An yi wa Sarki tayi, ya ce ya ƙoshi.

Ya koma ƙarƙashin mota ya yi aikin da bai taɓa yin mai kyansa ba. Ya yanka, ya lanƙwasa, ya liƙe, ya rataye tukunyar da roba don kada ta girgiza. Da aka tayar, sai da Auta ya dafa bonet ya tabbatar injin na aiki.

"Yaya, kai dai ba dama."

Matar ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta yi godiya. Sarki ya ji daɗi, wani irin daɗi mai ɗaci da bai bar shi ya dubi fuskarta ba.

Da yamma ya hau babur ɗinsa, wanda shi ma ya daɗe da yi masa salansar da babu irinta a layin. Ya tura shi cikin gida ya jingine. Matarsa na kan keke ta ba ƙofa baya, sai da inuwarsa ta faɗa kan yadin ta zabura.

"Kai kuwa sai ka ce ɓarawo. Ka kusa sa ni ɗinke yatsa."

"Wasu matan tun daga kwanar gidan mai suke jin mazajensu," ya ce, yana cire takalmi. "Har ruwan wanka ake ɗora musu."

Ta tsayar da keken, ta juyo ta dube shi sosai.

"Da kake da tsohuwar salansarka mai tatata, wa kake tararwa a bakin ƙofa? Ruwan da kake samu da ɗumi, aljanu ke ɗora maka? Tun daga wurin mai faci nake jinka. Ranar da ka canza ta na yi ta tsayuwa ina kasa kunne, sai ganinka na yi a kaina. Na yi haka har na gaji na bari."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Kana ta murna kana kiran maƙwabta su zo su ji shiru, in ce me?"

Ta koma kan ɗinkinta. Ya daɗe a tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa. Can ya ciro waya ya kira Auta.

"Kafin ka shiga daji ka biyo da motar da safe. Akwai abin da ban gama ba."

Ya kashe, ya ɗauko sufana a aljihun babur, ya tsuguna a gefen salansar.